Rahoton Ayyukan Shekara: Tarbar Sababbin Ɗalibai

'Yan uwa iyaye da malamai, assalamu alaikum.

A babban taronmu na bara kun ɗora wa kwamiti nauyin kula da yaran da suka shiga sabon aji, musamman 'yan aji ɗaya da suka fito daga firamare. Ga yadda aikin ya gudana.

Kafin a koma karatu mun ware rana guda ta zagaye. Kowane yaro ya zo da mahaifi ko mahaifiya, aka nuna masa ajinsa, ofishin malamai, ɗakin karatu da banɗaki. Kada a raina wannan na ƙarshe, akwai yaron da zai wuni a matse saboda kunyar tambaya. A ranar muka raba jadawalin darussa, domin wanda ya saba da malami ɗaya ko biyu a firamare zai tarar kowane darasi da malaminsa, kowa kuma da irin aikin gidan da yake bayarwa.

Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne haɗa kowane sabon ɗalibi da yaya daga manyan azuzuwa. Malamai ne suka ankarar da mu cewa ba a cikin aji yaro ya fi jin baƙunta ba, don a can yana da kujerarsa da littafi a gabansa. Sai an kaɗa ƙararrawar tashi tara, kowa ya nufi abokinsa, sannan ake gane wanda bai da kowa. Na ga wata yarinya a makon farko, ta jingina da bango tana buɗe jaka tana rufewa har aka koma aji. Abin ya tsaya mini a rai. Don haka muka roƙi yayyen su riƙa neman ƙannensu a daidai wannan lokaci, su ja su cikin wasa, su haɗa su da 'yan ajinsu, sannan su ja baya. Malaman aji kuma suka riƙa sauya wurin zama a zangon farko, don kada waɗanda suka fito daga makarantar firamare guda su dunƙule su bar saura.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Wasu yayye sun mai da ƙannen 'yan aike, muka sauya su nan take. Babban kuskurenmu kuwa shi ne yaran da aka kawo a tsakiyar zango. Sun zo an riga an ƙulla abota, mu kuma ba mu tanadar musu komai ba. Bana duk wanda ya shigo, ko yaushe ne, za a ba shi yaya tun ranar farko.

Bayanin kuɗi yana wajen ma'aji, zai karanta a taro. Muna neman iyayen da za su taya mu ranar zagaye mai zuwa, mai hali ya ba da sunansa.

Sakataren Kwamiti