Masu ɓare kabeji kafin awo

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili. Ran Asabar na shiga wani babban kanti a nan Kumasi sayen kayan salak, sai ga wata baiwar Allah ta tsaya gaban kabeji tana ta ɓare ganye tana zubarwa cikin kwandon, sai da ya koma kamar dunƙulen hannu sannan ta kai sikeli, ta kuma ɓalle kan karas. Na ce Hajiya lafiya? Wai ita ba za ta biya kuɗin shara ba.

To a kasuwar Kejetia ko ta Aboabo ai mai kayan ce ke gyara miki da wuƙarta, a yi ciniki har ta ƙara miki gyara, don ba da kilo ake sayarwa ba. A kanti kuwa nauyi ake biya, kuma sun sa farashinsu ne da ganyen a jiki. Ganye ɗaya da ya ruɓe, eh, cire shi, nima ina yi. Amma ki ɓare kabeji guda uku ki ɗauki ɗaya, sauran su yi yaushi cikin sanyin firij, wa zai saya? Ga yaran kantin su ke share wurin.

Masu kanti ma su ajiye bokitin shara kusa da sikeli mana.

Wata uwa daga Aboabo, Kumasi