Ɓari na yi, dangin mijina sun ce zubarwa na yi

Assalamu alaikum Hajiya. Daga Houston nake rubuto miki, a jihar Texas ta Amurka. Kwana tara ke nan ban yi barcin kirki ba.

Yayar mijina ce ta ɗauki hoton takardar asibitina ta tura gurup ɗin danginsu, wai na zubar da ciki. Ni da na shekara huɗu ina roƙon Allah haihuwa! Dama tun ranar da aka kawo lefena ba ta ƙaunata.

Bari in koma baya. Cikin yana sati 17 faya ta fashe. A asibiti aka yi sikanin, aka ce zuciyar yaron tana bugawa, sai dai a jira. Tun 2022 dokar jihar nan ta hana cire ciki sai in ran uwa yana cikin haɗari, ko wani muhimmin sashe na jikinta zai lalace. Likitan da ya saɓa yana iya samun ɗaurin rai da rai, ga tarar da ba ta gaza dala 100,000 ba. Aka sallame ni. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe ni, muka koma, lokacin bugun ya tsaya, aka yi min wankin ciki.

To Hajiya, a bakin likitoci kalma ɗaya ce ake rubuta wa ɓari da zubar da ciki, sai dai a ƙara wata a gabanta mai nuna da kansa ya fita. Ita kuwa doka ta raba su: cire ɗan da ya riga ya rasu a ciki ba zubarwa ba ne a wurinta, haka ma cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Nas ta yi mana wannan bayani, maigidan yana tsaye. Amma har yau bai ce uffan a gurup ɗin ba.

Gaskiya na gaya wa yayar tasa maganar da ba ta dace ba, amma wa zai jure? Yanzu tana min barazana da wata dokar jihar nan ta 2021, wadda kowa zai iya maka wanda ya taimaka a zubar da ciki a kotu ya karɓi aƙalla dala 10,000. Ni dai an ce dokar ba ta taɓa mai cikin.

Surukata ta daina ɗaga wayata. In kira ta ta wayar wani, ko in jira maigidan ya buɗe baki? Ko in taho Kano wajen mahaifiyata in huta?

Taki a cikin damuwa,
wata baiwar Allah