Hoton Nan Ya Fito, Mita Biyu Cur

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Hajiya da yara? Na san kana jin haushina, wata huɗu ban ce maka uffan ba. Ka yi haƙuri, yau ga dalilin.

Hoton nan ya fito! Jiya da yamma na karɓo shi daga wurin masu bugawa, faɗinsa mita biyu, tsayinsa ya kusa rabin mita. Babu teburin da zai ɗauke shi, sai a ƙasa muka shimfiɗa, muka danne kusurwoyin da littattafai. Wallahi na fi rabin awa a durƙushe ina bin sa daga wannan gefe zuwa wancan. Ɗan garin nan ne na gindin dutse da na taɓa ba ka labari, da gonakin da suka kewaye shi, da hanyar da ta ratsa ta tsakiya. Abin da ya girgiza ni, na ga abubuwan da ban gani ba ranar da nake tsaye a kan dutsen. Can ƙarshen hagu akwai wata tsohuwa a bakin ƙofa ta sa hannu ta kare rana, tana kallon wani yaro da ke tura keke. A allon kwamfuta ɗigo ne kawai. A takarda har lanƙwasar yatsunta ana gani.

Ka san ba hoto ɗaya ba ne. Takwas na ɗauka, na tsayar da kyamarar a tsaye, kowanne ya hau kan na kusa da shi da kamar kashi 30 cikin 100, sannan na ɗinke su da Hugin, manhajar nan ta kyauta. Kyamarata fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 6000 ne a 4000, a tsaye faɗin kowanne 4000 ke nan, to takwas ɗin suka ba ni wajen 23,600 a faɗi, daidai abin da mita biyu ke bukata in ana son ɗigo 300 a kowane inci. Haske, launi da saitin nisa duk da hannu na kulle su, don in ka bar wa kyamara ta zaɓa, sararin sama zai fito dabbare-dabbare, nan fari can duhu.

Amma kafin a kai ga haka na sha wuya. Zuwana na farko, duk wayoyin lantarki a tsinke suka fito, falwaya ɗaya ma ta rabu biyu. Sati guda ina zargin manhajar. Ashe matsalar a wurin juyawa take. Gwada yanzu: ɗaga babban yatsanka, ka rufe ido ɗaya, ka sauya ɗayan, za ka ga yatsan ya yi tsalle. Haka abin kusa ke gocewa daga na nesa in kyamara ba ta juya daidai kan cibiyar gilashinta ba. Sai da na samo ɗan ƙarfen da ke jan kyamarar baya a kan ƙafafunta uku, na sake hawa dutsen kafin gari ya waye.

Af, mutuminka mai dariyar nan ya sayar da tasa kyamarar, wai waya ta ishe shi. Na san kai ka zuga shi, kada ka musa! Ya zo jiya ya tsaya a kan hoton, dariyar ta ɗauke, sai tambaya yake ko wanda ya saya zai yarda ya dawo masa da ita. Ƙaninka kuma ya samu aikin nan, ya ce in bari shi zai faɗa maka da bakinsa, to ka yi kamar ba ka ji ba.

Abu ɗaya ne ke hana ni barci. Inuwar gindin dutsen ta fi yadda na gani a allo duhu sosai, har bishiyoyin wajen sun cure wuri ɗaya. Allo haske yake fitarwa, takarda kuwa sai wanda ya sauka a kanta, kuma nawa allon na ƙure masa haske ban sani ba. Zuciyata ta kasu biyu: in sake bugawa bayan na ƙara wa inuwar haske, ko in bar shi, don da sanyin safiyar nan haka wurin yake, duhu ne na gaske. Kai da idonka ya fi nawa a kan launi, me ka gani? Zan sa a buga maka yankin kaɗai a ƙaramar takarda in aiko.

Kuma ka auno mini bangon falonka, wanda ke kallon taga. Ina son komawa garin bayan ruwa ya ɗauke, wannan karon layi biyu zan ɗauka, sama da ƙasa.

Ka gaida Hajiya da kyau.

Naka har kullum.