Amsa ga Malam mai maganin wankin mahaifa

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam.

An turo mini bidiyonka na Facebook, inda ka kira ni "wata ungozoma ta Tudun Wada" saboda na faɗa wa matan Islamiyya cewa ganin ƙananan gudajin jini lokacin haila ba lallai ciwo ba ne. Ka tambaye ni a gaban mabiyanka: in wata ta ji maganata ta zauna a gida har jini ya kashe ta, alhakinta a wuyan wa? Ba ka tsaya nan ba, ka ce mu 'yan asibiti da gangan muke kwantar wa mata da hankali, don ciwo ya yi nisa mu samu na yankawa. Da a tambayar farko ka tsaya, da na amsa da fara'a, don tambaya ce mai kyau. Ta biyun ce ta yi mini ciwo.

Malam, ka taɓa tsayawa a kan macen da jini ya ƙare wa, tafin hannunta fari fat, ana bin dangi ɗaya bayan ɗaya ana roƙon wanda zai ba da leda guda? Aikina ke nan tun ba ni da furfura. In an yi wa mace tiyata, ko kwabo ba ya ƙaruwa a albashina, kwanan tsaye ne ke ƙaruwa. Ka zaga daga Tudun Jukun zuwa Kwarbai ka tambayi matan da na karɓi haihuwarsu, wasu har na karɓi ta 'ya'yansu, ko akwai wadda na taɓa mayarwa gida jini na zuba.

Tunda ɗan rahotonka rabin magana ya kawo maka, ga ta cikakkiya. Duk wata bangon cikin mahaifa kan yi kauri yana jiran ciki, in bai samu ba sai ya zube, hailar ke nan. Jiki na sakin wani sinadari da ke tsinka jinin don ya fito a ruwansa. A rana ta farko da ta biyu, da zubar ta fi ƙarfi, jinin kan rinjayi sinadarin, ko ya taru in mace ta kwana kwance, sai ya daskare ya fito guda-guda da duhunsa. In ƙanana ne, jefi-jefi, to ba mataccen jinin da ya shekara a mara ba ne kamar yadda kake wa'azi, ba kuma aljani ne ya aure ta ba. Ba ya hana haihuwa, ba ya neman magani.

Rabin da aka ɓoye maka kuwa, na ce musu in gudan ya kai faɗin murfin kwalbar lemo, kusan santimita 2.5, yana kuma maimaituwa, ko auduga na jiƙewa sharkaf duk awa ɗaya ko biyu, ko jinin ya zarce kwana 7, ko ana jiri da haki da kasala har da kwaɗayin cin farar ƙasa ko ƙanƙara, to a tafi asibiti. A lissafin likitoci mace kan zubar da mililita 30 zuwa 40 a haila guda, abin da ya haura 80 ya yi yawa. Na ma ja kunnensu kan kwana 15 da suke karantawa a fiƙihu. Wancan iyaka ce ta hukuncin salla da azumi, ba shaidar lafiya ba. Mai yin kwana 12 duk wata tana zubar da gudaji, ko me hukuncin sallarta ya zama, jininta ƙarewa yake yi.

Cikin manyan abubuwan da ke jawo haka akwai ƙarin mahaifa, wanda likitoci ke kira faibiroid, ya kuma fi kama mata baƙar fata. Akwai tsiro a bangon mahaifa, akwai rikicewar sinadaran jiki ga 'yan mata sababbin balaga da matan da suka kusa daina haila. Wata macen, robar tazarar haihuwa mai jan ƙarfe da ake sawa a mahaifa ce ta ƙara mata zubar jini, wata kuma gado ta yi na jinin da ba ya saurin tsayawa. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce matar da watanta ya yi jinkiri, sannan jini ya ɓalle da gudaji da ciwon mara. Yana iya zama ɓari, yana iya zama ciki a wajen mahaifa, wannan ba ta kwana a gida. Wadda ta shekara da daina haila ta sake ganin jini, ko ɗigo ne, sai an duba ta saboda ciwon daji.

To ni ma ga tawa tambayar. Ta yaya kake rarrabe waɗannan ta waya? Mu masu ƙaramin sani sai mun yi gwajin ciki, mun auna jini, mun tura mace a yi mata hoton mahaifa. Kai kuwa jarka ɗaya ta ishe su duka, tabarakalla. Na lura lambar wayarka na yawo a ƙasan bidiyon tun daga bisimilla har addu'ar rufewa. Ban ce kasuwa ce ta sa ka tausayin matan Zazzau ba, Allah ne masanin zukata. Abin da na gani da idona dai shi ne, mai ƙananan gudaji da take lafiya lau an tsorata ta ta saya, mai ƙari kuma an riƙe ta wata da watanni tana sha tana zawo, ana ce mata dattin ne ke fita. In ta iso mana a sheme, sai a ce ai 'yan asibiti ba su san komai ba sai wuƙa. Alhali da yawa cikin masu zuwa da wuri ƙwayar rage zubar jini da ta ƙarin jini ake ba su, su koma gida da ƙafarsu. In alhaki ake nema, a fara dubawa ta nan.

Cewa ni ba likita ba ce, haka ne, shi ya sa nake tura su wajen likitocin mata a asibitin Shika, ko asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko na Wusasa. Kai wa kake tura wa? Zancen rashin kunya kuma, a cikin aji na yi magana, mata zalla. Nana A'isha ta yabi matan Ansaru don kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Ban ɗora lasifika a kan mota ina lissafa gaɓoɓin mata a tsakiyar kasuwar Sabon Gari ba.

Ba kai kaɗai ke cina ba ma. Maigida zai biya kuɗin jarka uku ba gardama, amma in aka ce hoto sai ya ce a bari albashi ya shigo. Suruka ta ce su ma haka suka yi nasu da ƙunzugu ba su mutu ba. Yarinya tana ɓata zane a makaranta duk wata, tana faɗuwa a layi, a ce ragwanta ce ko iska, ba wanda zai ja fatar idonta ya ga ta yi fari.

In za ka sake yin bidiyo a kaina, Malam, ka sa bayanina tun daga farko har ƙarshe, sannan ka ɗaga jarkar ka karanta mana abin da ke ciki da lambar NAFDAC ɗinta.

Wassalam,
Ungozomar ta Tudun Wada, Zariya.