Wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ya kai mu Wadi al-Hitan

Zuwa ga Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ni ne malamin makarantar nan daga Zariya da ya zo Alƙahira duba ɗansa mai karatu a Azhar, na biya muku kuɗin mutum 3 a watan Disamba don tafiyar yini guda zuwa yankin Fayyum, inda Wadi al-Hitan yake. Sau biyu ina turo saƙo ta WhatsApp, an karanta ba a amsa ba. Shi ya sa na fito fili, tunda yawancin masu hulɗa da ku mutanenmu ne da ke zuwa Masar jinya ko karatu.

Tallarku ta ce Wadi al-Hitan, kuma saboda shi na biya. Shekara da shekaru ina koya wa yara labarin ƙasa, ina gaya musu cewa inda Hamadar Yamma ta Masar take a yau teku ne kimanin shekara miliyan 40 da suka wuce. Na so in ga shaidar da idona. Sunan wurin ma ya isa jan hankali: wadi kwari ne da Larabci, hitan kuma jam'in hut ne, kalmar da Alƙur'ani ya kira kifin Annabi Yunusa da ita. A kwarin nan akwai ɗaruruwan ƙwarangwal na kakannin manyan dabbobin teku masu shayarwa, kwance cikin rairayi. Wanda ake kira Basilosaurus har da 'yan ƙafafun baya yake da su, ƙanana ƙwarai, waɗanda danginsa na yau ba su da su. Wannan ne ya sa UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2005.

Tsakanin Alƙahira da wurin kimanin kilomita 150 ne. Kun ce ƙarfe 7 na safe, motarku ta iso 9 saura. Wannan na yafe, duk wanda ya san cunkoson Giza ba zai yi dogon ƙorafi ba.

Abin da ban yafe ba shi ne yadda jagoranku ya kashe mana yini. Ya sauke mu ƙauyen Tunis, kusa da tafkin Ƙaruna, a shagon wani mai tukwane, muka shafe sama da awa ɗaya. Tukwanen na da kyau, ba na musu, matata ma ta sayi akushi biyu. Amma da na ga mai shago ya ja shi gefe suna ƙus-ƙus, na gane kamasho ne ya zaunar da mu. Daga nan sai magangarar ruwa ta Wadi al-Rayyan, sai hawa da gangarowa kan tudun rairayi a guje, alhali na faɗa muku tun a ofis cewa matata na fama da ciwon baya. Ina cewa direba ya sassauta, jagora na dariya yana cewa ai wannan ne daɗin tafiyar. Sallar azahar ma sai da na ɗaga murya kafin aka tsaya. Ruwan sha kuwa, ƙaramar gora ɗaya ga kowa, a cikin hamada.

Mun isa Wadi al-Hitan rana ta yi sanyi, kuma kowa ya san a Disamba wajen ƙarfe 5 take faɗuwa. Ba a shiga kwarin da mota, a ƙofa ake ajiye ta a taka da ƙafa, don haka wurin lokaci yake so. Minti 40 aka ba mu. Gidan adana kayan tarihin da aka buɗe a 2016, inda aka shimfiɗa ƙwarangwal mai tsawon mita 18, leƙawa kawai muka yi. Na tambayi jagora ya nuna mana ƙafafun bayan, sai ya ce ƙasusuwan kada ne. Ɗana ne ya karanta mana allon bayanin da Larabci.

Sai kuma abin da ya fi ci mini rai. A kan hanyar fita, jagoran ya tsallake iyakar da aka shata, ya tsinto wani ɗan abu mai kama da haƙori ya miƙa wa wani yaro cikin ayarinmu wai tsaraba. Da na yi magana ya ce ai suna da yawa. Haramun ne ɗaukar komai daga wurin, shi ma ya sani, don sai da ya waiwaya ya ga babu mai gadi. Mahaifin yaron, Allah ya saka masa, ya sa aka mayar.

Buƙatata biyu ce. Ku dawo mini da rabin kuɗina, domin rabin tafiyar da na saya ban same shi ba. Sannan ku daina tura wannan mutum wurin har sai ya san abin da yake nuna wa mutane. In kuma tsarinku shago ne da wasan mota, ku rubuta haka a tallarku, mai so ya biya.

Rasit ɗina na hannun ɗana, kuna da lambarsa. Ina jiran amsa kafin ƙarshen wata.

Wassalam,
Wani malamin makaranta, Zariya