Takardar Koke Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Katsinan Maraɗi Kan Rabon Allurar Sanƙarau

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, magajin Ɗan Kasawa, uban marayu, gatan marar gata. Mu talakawanka, iyaye maza da mata, malaman allo da dattawan unguwa, mun faɗi mun yi gaisuwa. In harshenmu ya yi kaifi a wani wuri, a gafarce mu, zuciya ce ta cika.

Ranka ya daɗe, ranar Talatar da ta wuce aka yi shela a masallatai cewa allurar sanƙarau ta iso cibiyar lafiyar da muke zuwa. Mata suka fito tun kafin kiran assalatu, goyo a baya, wani yaron a hannu, karne, wato katin asibiti, a cikin leda. Hantsi bai gama ɗagawa ba aka ce ta ƙare. Amma da idonmu muka ga motoci suna zagayawa ta ƙofar baya, ana shiga da yara ana fitowa da su da auduga a dantse. Da idonmu muka ga an ɗaure akwatin sanyi a bayan babur an fita da shi. Ina aka kai shi? Wata baiwar Allah da aka binne ɗanta makon jiya ta kawo ƙannensa biyu, waɗanda suke kwana tabarma ɗaya da shi har ranar da wuyansa ya sanƙare, aka ce mata ta dawo wani jiƙon. Ta zauna a ƙasa, ta kasa ko kuka.

Ranka ya daɗe, ba mu ce dole kowa ya samu ba. Mun san allurar nan kaɗan ce, daga rumbun gaggawa na duniya ake roƙo ta, wanda aka kafa bayan annobar 1996 da ta kashe mutum wajen 25,000 a Afirka. Mun kuma tuna 2015, lokacin da sanƙarau ya kama mutum fiye da 8,000 a Nijar, ya kashe fiye da 500, har aka rufe makarantu a Yamai. Da allura ta yi ƙaranci a lokacin, hukuma ta fito fili ta ce yara ƴan shekara 2 zuwa 15 za a fara yi wa. Ya yi wa manya ciwo, amma kowa ya san ƙa'ida. A shekarar ce kuma jabun allura ta shiga kasuwa, domin uban da aka kora daga layi duk abin da aka miƙa masa zai saya. Muna tsoron a sake tura mu can.

Cutar nan ta numfashi take bi, ta fi son cunkoso da ƙura da zafin bazara. To wa ya fi almajiran da ke kwana a cushe cikin zaure ɗaya kusa da ita? Su ba su da karne, ba su da uwar da za ta riƙe musu layi, kuma babu wanda ya ƙidaya su. Wanda ya tsira ma sau da yawa da kurumta yake tashi.

Mun je wurin mai unguwa, mun aika dattawa, an yi zama, an ce za a duba, an sake cewa za a duba.

Don haka muke roƙon Sarki ya sa baki. A faɗa mana a rediyo da masallatan Juma'a yawan allurar da ta zo da yadda aka raba wa kowace unguwa. A fara da gidajen da cutar ta shiga da maƙwabtansu, sai makarantun allo, a bi su har zaurukansu. A zaunar da wakilin mai unguwa da liman da mace ɗaya a wurin rabo, su ga kwalbar farko da ta ƙarshe. A rufe ƙofar baya, ranka ya daɗe, a rufe ta ga kowa, ko ɗan wane ne. Kuma a binciki inda akwatin nan ya sauka. Ma'aikatan da suka wuni a tsaye suna aiki tsakani da Allah ba da su muke ba, mun ga yadda wasunsu suka sunkuyar da kai.

Muna kuma roƙo, kafin komai, a nemo matar nan a yi wa yaranta biyu.

Allah ya taimaki Sarki, Allah ya tsare ƙasar Katsinan Maraɗi daga annoba, amin.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Iyaye, malamai da dattawan unguwa, Maraɗi