A bar malamin Turanci ya yi bayani da Hausa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu don in yi magana da 'yan'uwana malaman Turanci da masu makarantun kuɗi, tun jarrabawar WAEC da NECO ba ta ƙaraso ba. Ina koyar da darasin yamma a Tudun Wada, kuma akwai wasu 'yan ƙananan kalmomi da ke cinye wa yaranmu maki a banza: everybody, somebody, anybody, nobody, da ƙannensu everything, anything da nothing. Wakilan suna ne da ba sa nuna takamaiman mutum ko abu.

Da wuya in buɗe littafin ɗalibi ban ga “Everybody are here” ba. Yaro ya ga aji cike da mutane, sai ya ɗauka jam'i ne, alhali tilo ne: “Everybody is here”. Abin takaicin, wannan yaron ya san ƙa'idar tun yana goye. Wane Bahaushe ne zai ce “kowa sun zo”? Kowa ya zo ake cewa, ko da Dandalin Murtala ne ya cika ba masaka tsinke. In ka rubuta jimlolin biyu a allo, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, kafin ka kaɗe ƙurar alli daga hannu an fahimta.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen korewa. Wata ɗalibata 'yar aji shida na sakandare ta rubuta: “I went to the house but I did not see everybody.” Nufinta, ba ta ga kowa ba. Abin da ta rubuta kuwa, ta ga wasu, ba ta ga wasu ba. Ba daƙiƙiya ba ce. Mu “kowa” ɗin nan ɗaya muke aiki da shi ko an zo ko ba a zo ba, Bature kuma ya raba: everybody in an tabbatar, anybody in an kore. Haka “komai”. Mai azumin da ya ce “I did not eat everything” ya tona wa kansa asiri, don cewa ya yi ya ci ya rage. “I did not eat anything” yake nufi. Su kuma samarin da suka kwaso “I did not see nobody” daga waƙoƙin Amurka, su sani mai makin takarda jan biro zai sa musu. Ko dai “I saw nobody”, ko “I did not see anybody”, ba a haɗa korewa biyu.

To, yaya malami zai warware wannan in an hana shi furta Hausa? Na san makarantun da ake cin yaro tara in ya yi yarensu a harabar makaranta, malami kuma a ba shi takardar gargaɗi. Sai ya ƙare darasi yana maimaita ma'anar da ke littafi, yara na amsa “Yes sir”, a tashi kowa da duhun kansa. Alhali a 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta wancan lokacin ta amince da amfanin harshen uwa wajen koyarwa a azuzuwan farko.

Wani zai ce ajin Kaduna ba na Hausawa kaɗai ba ne. Gaskiya ne, ina da Gbagyi da Bajju da Yarbawa a gabana. Yawancinsu da Hausar suke ciniki a Kasuwar Barci, wanda bai ji ba kuma sai in ce ya faɗa mana yadda ake cewa a yarensu, mu kwatanta.

Ban ce a mayar da darasin Turanci na Hausa ba, tunda ba kiredit ɗinsa ba shiga jami'a. Minti biyu nake nema wa malami, ya kwance ƙullin ya koma Turancinsa. Ku ma, Malam Edita, da za ku ware mana ɗan gurbi duk mako don irin waɗannan kurakurai, akwai malaman da za mu riƙa aiko muku da misalai daga littattafan yara.

Naku,
Malamin darasin yamma,
Tudun Wada, Kaduna.